Tabon Cikin Bututu

A shekarar da aka ba matan ƙasar izinin tuƙi, mu uku ne direbobi a gidan da nake aiki a Riyad, kuma kowa ya san ɗaya zai tafi. Ni ne babba a cikinmu, shekarata goma sha tara a gidan. Ni ne kuma na goge gefen mota sau biyu a wata guda, sau ɗaya a ƙofar garejin da nake shiga kullum, sau ɗaya a kasuwar kayan lambu ta Aziziya, inda na rantse ban ga baron da na buga ba, kuma gaskiya na faɗa. Babban ɗan gidan, wanda takardunmu duka ke hannunsa, bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya dubi motar, ya dube ni, ya tambaye ni saura wata nawa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare. Na ce huɗu. In bai sabunta ta ba sai tafiya gida gaba ɗaya, ni kuwa ban bar komai a gida ba da mai shekara hamsin da takwas zai koma ya kama.

Mutum ɗaya ne ya tsaya tsakanina da filin jirgi, shi ne mahaifinsa, tsohon da duk muke kira Baba. Ya haura tamanin, hannunsa na rawa, shayi ma rabin kofi ake zuba masa don kada ya ƙone. Ba don na iya tuƙi yake sona ba. Ni kaɗai ne a gidan nake masa musu, shi kuma tsoho ne da ya gaji da "na'am, na'am". Tun ranar da na gaya masa na yi aikin ɗan sanda shekara tara a ƙasarmu, shida daga ciki a ɗakin ajiyar makamai, ya daina kiran sunana. Sai dai Askari.

A bangon majalisarsa, ɗakin da yake karɓar baƙi, akwai wata tsohuwar bindiga ta soja, mai cin harsashi goma, wadda mahaifinsa ya saya lokacin da rundunoni suka yi ta sayar da irinta bayan babban yaƙi. Irinta ce sak muka yi aiki da ita, muna ce mata mak-fo. Na tsefe irinta na haɗa sau ba adadi. Amma shekara goma sha tara ina shiga ɗakin nan da tiren dabino ban taɓa kai mata hannu ba, don lasisin da sunan Baba yake, baƙo irina kuwa ba shi da hurumin taɓa makami a ƙasar mutane.

Wata Juma'a da sanyi ya sa aka sauko da ita, muka tafi gonarsa, tafiyar awa biyu daga gari, inda yake da raƙuma da wani makiyayi ɗan Sudan, dogo, mai yawan dariya. Makiyayin ya kafa kwalin dabino a jikin sanda, taku ɗari daga bakin tanti. Baba ya harba uku, ko iskar kwalin ba su taɓa ba. Ya miƙo mini.

"Yalla, Askari. Nan ba mai ganinmu sai raƙuma."

Na harba biyar. Ɗaya ta ɓalle kusurwar kwalin, sauran Allah kaɗai ya san inda suka nufa.

"Ubana da ita yake kayar da barewa tana gudu," in ji Baba. "Ko dai ita ta lalace, ko mu muka lalace. Ka gano mini wanne ne."

Na ce ita ce, babu ko tantama. Wallahi daɗi ya kama ni a ranar. Na samu aikin da sauran direbobin biyu ba su iya ba, aikin da zai sa tsohon nan ya ce wa ɗansa kada a taɓa masa Askari.

Bindigar da ba ta kai harsashi inda aka aike shi, ba a fara zarginta gaba ɗaya. Bi ake yi ɗaya bayan ɗaya, a gyara abu guda, a harba, a gani, sannan a matsa gaba. In ka gyara uku lokaci ɗaya ba za ka taɓa sanin wanne ne mai laifin ba. Haka aka koya mini, haka na bi, kowace Juma'a abu ɗaya, a kan darduma a bakin tanti, Baba na zaune a kujerarsa yana sa mini baki cikin abin da bai sani ba.

Da katako na fara. Ina girgiza ta na ji ƙarfen yana motsi a cikinsa kamar haƙorin tsoho. Shekara da shekaru tana rataye daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, a garin da iskarsa ba ta da ɗigon laima, ana yi mata turaren wuta tare da baƙi, masu aiki kuma na fesa mata maganin goge kujeru don ta yi sheƙi. Ta yi sheƙin kuwa, amma katakon ya bushe ya tsuke. Babban sukurun da ke gaban kunama, wanda ya riƙe komai, sai da na juya shi sau ɗaya da rabi kafin ya kama. Na shayar da katakon mai, na yanko siririn gwangwanin tumatir na cike gurbin da ya buɗe. Da na harba, uku cikin biyar suka samu kwalin, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya can gefe. Baba ya ce an fara, ni ma na ce an fara.

Sai harsasai. A cikin wata gwangwanin alewa suke, a sito mai rufin kwano, sun sha zafin bazara fiye da arba'in. Wasu kwanson ya yi kore. Wani in ka ja kunama sai ya yi shiru, kamar yana shawara, sannan ya tashi. Na ce wa Baba waɗannan sun fi shi tsufa, ya ce ƙarya nake, na ce to sun fi shi gajiya. Ya yi dariya har da tari, ya sa ɗansa ya kawo sababbi da lasisin. Da sababbin ƙarar ta daidaita, kowane harbi irin na ɗan'uwansa. Ramukan da ke kwalin dai ba su yarda sun matso kusa da juna ba.

Na duba bakin bututun. Sojojin da, da igiya suke share ciki, in mutum malalaci ne yana jan ta a karkace, shekaru kaɗan igiyar ta cinye gefe ɗaya na bakin, harsashi ya riƙa fita a gicciye. Na yi fatan in samu wannan, don babu mai gyara shi a gona, kuma laifin wani soja ne da ya mutu tun tuni. Na shafa da yatsa, lafiya lau. Na dasa tsinin harsashi a bakin in ga ko zai nutse, ya tsaya cak inda ya kamata. Na duba saiti na gaba da na baya, ko ɗaya bai goce ba.

Saura cikin bututun. Ana zare sakatar da ke tura harsashi, a sa farar takarda ta baya don ta kama haske, sannan a rufe ido ɗaya a leƙa ta baki. Ya kamata ka ga zanen ciki yana murɗawa fes har ƙarshe. Na rufe idon hagu na leƙa da na dama, kamar yadda na saba tun ina saurayi, sai ga wani tabo, toka-toka, ya zauna a tsakiya ya cinye zanen.

"Na kama ta, Baba! Tsatsa ce."

Na ma san dalili. Harsasan zamanin da suna barin wani gishiri a bututu wanda mai ba ya wankewa, sai tafasasshen ruwa. Mutanen gidan nan kuwa mai kawai suka sani, a zuba a rataye. Na sa makiyayi ya tafasa ruwa a butar gahawa, na riƙa ɗurawa ta baya yana fita ta baki. Yana tsaye yana ƙyalƙyala dariya, wai bai taɓa ganin bindigar da ake ba shayi ba, ko a ƙara mata sukari? Ruwan farko ya fito ja, na biyu ya fito garau. Na goge, na busar, na leƙa. Tabon na nan.

Juma'a uku na yi ina wanke tabon nan. Na goga da burushi har kafaɗata ta riƙe. Tsumma na fita fari tas, tabo na nan inda yake, bai ragu ba, bai ƙaru ba. A Juma'a ta uku, bayan la'asar, Baba ya ɗan yi gyangyaɗi a kujera, ni kuma ina leƙe ina juya bututun a hankali don in ga ko a wane gefe tsatsar ta kama. Zanen ciki ya juya. Tabon bai juya ba. Na sake juyawa, a hankali ƙwarai. Bai motsa ba. Na daɗe a haka kafin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na rufe idon dama na leƙa da na hagu. Bututun na sheƙi tun daga baki har gindi, babu ɗigon komai a cikinsa.

Na ajiye ta a kan darduma. Na rufe hagu na dubi makiyayi yana tatsar raƙuma can nesa. Ga raƙuma, ga ƙwarya, ga ƙafafunsa, amma inda kansa ya kamata ya kasance babu komai sai toka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mai tuƙi da ido biyu yake tuƙi, mai kyau ya rufa wa marar kyau asiri, shi ya sa na yi watanni ina zagin masu baro da masu gina gareji. Mai harbi kuwa dole ya rufe ɗaya.

Akwai wani ɗan garinmu, nas ne a wani asibiti, yana zaune a unguwar Ulaisha. Na same shi a ɗakinsa ranar hutunsa. Ya sa na rufe ido ɗaya na dubi gefen ƙofa, na ce masa ta lanƙwashe a tsakiya. Ya soki yatsana ya duba na'urarsa, ya yi tsaki.

"Yaya, suga ne, kuma ya daɗe. Ya taɓa bayan idon. Na hagun ma ba zan rantse maka a kansa ba."

"Ana gyarawa?"

"Ana tsayar da shi, in an yi sa'a. Amma fayil za a buɗe maka, kuma kafil ne zai sa hannu, maigidan da takardunka ke hannunsa." Ya rage murya ko da yake mu biyu ne a ɗakin. "Saura wata nawa?"

"Biyu da 'yan kwanaki."

"To ka daure a sabunta tukuna. Bayan nan sai mu san yadda za a yi. In suka ji yanzu, halas, shi ke nan, tikitin komawa gida ne."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan shawarar da zai ba ni ke nan, ni ma ita na ba wasu a kan ciwon baya da hawan jini. A wurinmu ciwo abu ne da ake ɓoye wa kafil kamar sata. Na karɓi ƙwayoyin da ya ba ni, na daina shan shayi da sukari, na ci gaba da tuƙi. Kowace safiya ina ɗaukar jikokin Baba mata uku in kai su makaranta. Sai in bi layin dama, a hankali, ina karkata kai don idon hagu ya yi aikin biyu, su kuma suna baya suna tsokanata wai na koma kunkuru. Ina sauke su sai in ɗan tsaya a gefen titi kafin in kama hanyar gida. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Na sani kullum, kuma kullum na tayar da motar.

Matsalar ita ce bindigar. Na gyara duk abin da ke gyaruwa, kuma kowane gyara ya rage mini wurin ɓuya. Akwai gwaji ɗaya da ya rage, wanda kowane ma'aikacin makamai ya sani: a ɗaure bindiga tam a kan buhunan yashi yadda ba ruwanta da kafaɗar kowa ko idon kowa, a harba biyar. In suka taru wuri ɗaya, bindiga ta fita daga zargi. Ban yi shi ba, ban kuma ambata shi ba. Na yi tunanin in koma harbi da idon hagu, amma Baba ba yaro ba ne, zai tambayi dalili. Na riƙa ƙirƙiro aiki, yau in ce katako bai gama shan mai ba, gobe in ce iska ta yi yawa. Baba ya fara ƙosawa. Wata Juma'a ya ce mako mai zuwa yana son magana ɗaya, kuma ɗansa zai zo ya gani.

Mako guda na yi ina shirya ƙaryar. Mai sauƙi ce. Zan ce bututun ya ƙare, zanen ciki ya cinye, shekara saba'in ba wasa ba, babu mai gyara wannan sai a mayar da ita bango. Babu wanda ya isa ya ƙaryata ni a gidan. Baba zai ce Askari ya yi iya ƙoƙarinsa, ɗansa zai ga na yi wata uku ina yi wa ubansa hidima, a sabunta mini iƙama.

Ranar ta zo. Muka zauna a bakin tanti da hantsi, Baba a kujerarsa, ɗansa a tsaye yana duba waya. Na harba biyar don a gani, suka watse kamar kullum. Na zare sakata, na leƙa bututun kamar mai nazari, na mayar da sakatar, na faɗi abin da na shirya. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da har yau yake ba ni kunya ke nan.

Baba ya karɓi bindigar ya ɗora a cinyarsa. Ya daɗe yana shafa katakon. Ya ce a hankali, ba da ni yake ba, ita kaɗai ta rage masa daga hannun ubansa, ya so a ce ya bar wa jikokinsa ita da ranta. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na dubi ƙasa.

Makiyayi ya kawo gahawa a daidai lokacin. Ya ji ƙarshen maganar, ya ajiye buta, ya ce tunda ta mutu, a bar shi ya yi mata bankwana mana, shi da ya yi wata uku yana dafa mata ruwa. A garinsu, in ji shi, da irinta suke korar kuraye daga garke. Da wasa ya faɗa. Baba ya miƙa masa ba tare da ya ɗago kai ba.

Makiyayin ya je ya kafa sabon kwali, ya dawo ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya harba biyar a jere ba gaggawa. Tun daga yadda kwalin ya riƙa girgiza na sani. Ya je ya ciro shi ya kawo yana washe baki. Ramuka biyar, duk a tsakiya, tafin hannu ɗaya zai rufe su.

"Mashallah, Askari, ai ka gyara ta!" in ji shi. Bai san abin da ya yi ba, bawan Allah. Har yau ban riƙe shi da komai ba.

Ɗan ya sa wayarsa a aljihu. Baba ya karɓi kwalin, ya bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Askari. Ɗaya cikin biyu ne. Ko ka yi mini ƙarya, ko ba ka gani. Wanne?"

"Duka biyun ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Ƙaryar yau ce. Idon ya kai wata biyu da na sani."

"Wata biyu," in ji shi. "Kuma kai kake kai mini yaran nan makaranta."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa makiyayi ya naɗe bindigar a bargo. Ɗansa ya miƙo hannu na ba shi makullin mota, shi ya tuƙa mu zuwa gari, ina zaune a baya.

Ba su wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhakinsu. An kai ni asibiti, an yi mini allurai a idon, an ba ni duk haƙƙina har da ƙari. Kwana ashirin na yi a ɗakina na bakin ƙofa ina jiran takardun fita. Kullum da la'asar nakan ji an fito da Baba tsakar gida shan iska, in ji muryarsa yana yi wa wani faɗa, in zauna a bakin gado ina jira ko zai ce a kira masa Askari. Sau biyu na aika a roƙa mini izinin shiga in gaishe shi, sau biyu aka ce yana hutawa.

Babban ɗan ne da kansa ya kai ni filin jirgi. Mun kusa isa ya ce akwai abin da yake ganin ya kamata in sani. Tun lokacin da na goge motar a Aziziya, ya je wa mahaifinsa da maganar sallamata. Baba ya ce masa in tuƙi ya gagari Askari a ba shi kujera a bakin ƙofa, ya zauna nan yana yi masa musu har ɗayansu ya mutu, amma ba inda za shi.

"Da idon ne kawai," in ji ɗan, "da yanzu kana gida kana shan shayi da shi."

Na tambaye shi ko Baba ya ba da wani saƙo a gaya mini. Ya ce a'a. Ya tsaya a inda ake sauke fasinja, ya fito ya taya ni sauke jakunkuna biyu.